Tambarin da Ya Dawo da Dishi-dishi

Cikin daminar bara wata dattijiya daga shugabannin zumuntar mata ta wata ekklesiya a nan Fadan Kagoma ta iske ni a gida da waya a hannu. Taronsu na shekara ya ƙarato. Suna son fuleks mai faɗin ƙafa goma da za a rataya bayan kujerun manyan baƙi, da riguna, da ɗan littafin tsarin taro. Bayan mun gaisa ta tambayi yara da mamarsu, sai ta miƙo mini wayar.

"Ɗana, duba mini wannan. Yaron da muka kai wa aiki a Kafanchan ya ce tambarinmu ba zai fita ba. Ni kuwa ga shi ina kallo, ya fita sarai."

Da gaskiyarta. A fuskar waya, da girman kwabo, tambarin ya fita: kurciya a sama, fitila a ƙasa, sunan ƙungiya ya kewaye su. Na sa yatsu biyu na buɗa shi. Tun bai cika fuskar wayar ba gefen haruffa ya fara zubewa kamar katangar laka a watan Agusta, kurciyar ta koma dunƙulen toka, hasken fitilar ya haɗe ya zama tabo guda. Abin da ya tsayar da ni shi ne wutsiyar kurciyar. Ta ɗan karkata hagu, kuma na san dalili, domin ni na karkatar da ita. Shekara wajen ashirin ke nan, a wani shagon kwamfuta a Kafanchan, wata shugabar zumunta da yanzu ta rasu ta tsaya a bayana ta ce tsuntsun da na zana ya yi kama da shaho, in sassauta shi. Na ja wutsiyar gefe, na rage kaifin baki, ta ce yanzu ya zama kurciya.

Abin da ya dawo mini a waya jikan jikan wannan zane ne. Wani ya ɗauki hoton tsohuwar kalanda a bango, ya tura wa wata, ita ma ta tura gaba, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya yanke gefe. Kowane hannu da ya bi ya ɗan ci wani abu daga jikinsa.

"Mama, yaron bai yi ƙarya ba," na ce. "Ina asalin aikin da aka ba ku?"

Ta dube ni. Ba a taɓa ba su wani asali ba. Ni ne kuwa ban ba su ba.

Kafin kwamfuta ta iso mana, masu fenti ne ke riƙe da wannan sana'a. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun da layin dogo daga kudu maso gabas ya rabu biyu a nan a ƙarshen shekarun 1920, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, garin ya cika da baƙi, baƙi suka buɗe shaguna, kowane shago kuma yana son allo mai sunansa. Ina yaro, in an aike ni gari, nakan ɓata lokaci wurin wani mai rubuta alluna da ke kusa da tasha. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake ƙara wa abu girma. Zai zana tambarin makaranta a takarda ƙarama, ya ja layuka a tsaye da a kwance har ta zama gida-gida kamar gurbin dara. In an ce a bango ake so, sai ya shafa wa zare alli, ya ɗaure, ya ja ya sake, ya fitar da gidaje iri ɗaya amma manya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwafe abin da ke cikin kowane. Tambarin da ke tafin hannu sai ga shi ya fi mutum tsayi, gefensa kuma tsaf kamar an yanka da reza. Tambarin riga kuwa, a tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti yake yanke shi, ya ɗora a kan yadi ya dangwala fenti da soso. Na hatimi a roba yake sassaƙa shi, a juye.

Takardun nan masu gida-gida yana tara su a wata adaka. Makaranta za ta dawo bayan shekara biyar, ya tona ya fito da tata. Hannu ɗaya, takarda ɗaya, ta haifi allo da riga da hatimi. Ban fahimci darajar abin da ke cikin adakar ba sai da na zauna gaban kwamfuta: ma'auni yake ajiyewa, shi ya sa girma bai taɓa ba shi tsoro ba.

Kwamfuta tana riƙe zane ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗigo-ɗigo, kamar tabarmar da aka saƙa da ƙananan murabba'ai masu launi. Duk hoton da kyamara ta ɗauka haka yake. Adadin ɗigon a ƙirge yake, ba ya ƙaruwa. A ce hoto yana da ɗigo 1,200 a faɗinsa. In za a buga shi a kati, inda ake son ɗigo 300 a kowane inci, zai ba da inci 4 mai kyau. In aka ja shi zuwa ƙafa 10, wato inci 120, kowane inci ɗigo 10 zai samu, kowane ɗigo ya kumbura har ido ya gan shi. Hanya ta biyu ita ce zanen layi, wanda masu sana'a ke kira bekta. A nan umarni kwamfuta take ajiyewa: fara daga wannan ƙulli, lanƙwasa haka, tsaya a wancan, rufe, cika da shuɗi. In ka ce ta ninka girman sau ɗari, sai ta sake bin umarnin da sabon ma'auni, kamar yadda mai fenti ke bin gidajensa a bango.

Lissafin lanƙwasar daga masana'antar mota ya fito. Wasu masana biyu a Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na Renault, su suka yi aikin a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, suna neman yadda za a bayyana wa inji lanƙwasar jikin mota ba tare da kuskure ba. Sunan Bézier ne ya manne wa abin. Kamfanin Adobe a Amurka ya gina harshen PostScript a kansa a 1984, harshen da kwamfuta ke gaya wa injin bugu yadda shafi yake, sannan ya fito da manhajar zane ta Illustrator a 1987. A 1989 kamfanin Corel da ke Ottawa a Kanada ya fito da CorelDRAW, kuma shi ne ya ci kasuwar Nijeriya. A zamaninmu in ka je neman aiki shagon kwamfuta ba a tambayar takardunka. "Ka iya Corel?" Shi ke nan.

A farkon shekarun 2000 kwamfuta ta fara zama abin taɓawa a yankinmu. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco tana koyar da matasa da kwamfutoci na hannu da aka gyara, shagunan buga takardu kuma suna buɗewa saboda ɗaliban kwalejin ilimi da masu neman aiki. A ɗaya daga cikinsu na koya, ina share shago da safe, ina tayar da janareta, ina leƙen allon ogana. Kalmar da na fi ji a bakinsa ita ce, "Ka yi sebin?" Wuta tana iya tafiya kowane lokaci, aikin awa uku ya bi ta. Ajiya ita ce darasin farko. Darasi na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne gane cewa ajiya daban, fitarwa daban.

In ka ajiye aiki a tsarin manhajar da ka yi shi, kamar CDR na Corel, komai yana nan da ransa. Rubutu rubutu ne, kana iya gyara harafi. Kurciya daban, fitila daban, kana iya ɗaga ɗaya ka bar ɗaya. Amma ba kowace kwamfuta ke buɗe shi ba. Don ya isa hannun wani dole ka fitar da shi zuwa wani tsari, kuma kowane tsari yana da kuɗin fitonsa. JPEG, wanda ya fito a 1992, yana shiga ko'ina, amma yana mayar da layukanka ɗigo, ya narkar da komai wuri ɗaya, ya manna farin akwati a bayan tambari, kuma duk lokacin da aka buɗe shi aka sake matse shi sai ya ƙara zubar da wani abu. PNG na 1996 ya fi shi kula da gefen harafi, yana barin baya a fili, amma shi ma ɗigo ne. EPS yana riƙe layi, da shi muke kai aiki manyan maɗaba'u, sai dai bai san inuwa mai shara-shara ba, yakan daskarar da ita. PDF da Adobe ya fitar a 1993 shi ne ya fi kamanta adalci, yana ɗaukar layi da launi, har ya ƙunshe salon harafi a cikinsa in ka umarce shi.

Mu 'yan ƙasar citta ba ma bukatar dogon bayani a nan. Manomi a Kagoma ko Kwoi ko Kachia ya san citta iri biyu ce a gidansa. Akwai wadda ya fasa ya shanya ta bushe, ya zuba a buhu. Ita ce ke tafiya Kano da Legas har ƙasashen waje, ba ta ruɓa a hanya, kowa yana saye. Akwai kuma ɗanyar da ya ware ya lulluɓe a inuwa don shukar baɗi. Busasshiyar ita ce kuɗi, amma ko ka binne ta shekara ba za ta tsiro ba. Fayil ɗin da aka fitar busasshiyar citta ce. Na ajiya shi ne iri. Abin da Mama ta riƙo a wayarta ma ba busasshiyar ba ce, garin da ya zube a gindin buhu ne.

Inda na fi shan wahala, inda kuma na fi jin daɗin aikin, shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Kwamfutocin wancan lokaci ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, suka yi wa marubutan Hausa babban amfani, amma sai in suna cikin kwamfutar da za ta buɗe aikin. In ka kai fayil inda babu su, duk gurbin ƙugiya sai ya fito da wata alama ta daban. Yawancin shagunan yankinmu sai suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka jefar da ƙugiyar gaba ɗaya. Da ma Hausar bakinmu a kudancin Kaduna ba kowa ke furta su ba, don haka ba wanda ya yi ƙorafi. Aka dinga buga "baki" a gurbin baƙi, "kasa" a gurbin ƙasa, "bata" a gurbin ɓata. Ni abin yana ci mini rai, domin littafin waƙoƙin sujada da Littafi Mai Tsarki da muka tashi da su suna da ƙugiyoyinsu cif, kuma ban ga dalilin da takardar jana'izar mutumin da ya karanta su shekara sittin za ta fito a gutsure ba.

Dabarar da na samu ita ce mayar da rubutu zane. A Corel maɓalli biyu ne, Ctrl da Q. Da ka taɓa su harafi ya daina zama harafi, ya koma layi mai ƙulle-ƙulle kamar kurciyar nan. Sai in kama ƙullin saman k in ja shi dama in lanƙwasa, ƙ ta fito. Haka d, haka b. Nakan yi guda ɗaya mai kyau in kwafa ta duk inda ake bukata. A kanun takarda da tambari wannan yana yiwuwa, a shafi ashirin na tarihin mamaci ba ya yiwuwa. Amfaninsa na biyu shi ne aikin zai buɗe a kowace maɗaba'a yadda ka bar shi, ko suna da salon harafinka ko ba su da shi. Amma akwai hasara. Rubutun da aka mayar zane ya mutu a matsayin rubutu. In aka ce sunan fasto ya canza, ko an yi kuskure a ranar taro, ba ka da abin gogewa ka sake bugawa. Saboda haka mai hankali yakan ajiye kwafi biyu, mai rai da daskararre. Sai da Corel na 12 ya zo a 2004 da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, abin ya fara sauƙi, duk da cewa har yau yawancin salon haruffa masu ado ba su da ƙugiyoyinmu. Masu rubuta Tyap, da wasulansu masu ɗan layi a ƙarƙashi, suna fama da irin wannan har gobe.

A lokacin babu injin bugu mai launi sosai kusa da mu. Aikin kalanda ko fosta sai an kai Jos ko Kaduna, a raba launi huɗu, a yi faranti, a hau inji. Faifan fulofi megabait 1.44 kawai yake ɗauka, hoto guda mai kyau ya fi ƙarfinsa, amma tambari goma na zanen layi sukan shiga har da saura, domin umarni ba shi da nauyi. Wata rana na hau mota da asuba da aikin kalandar wata ƙungiya, muka haura tudu muka isa Jos, na miƙa faifai a maɗaba'a. Manhajar da ke kwamfutarsu tsohuwar fitowa ce, tawa sabuwa, tsohuwa kuwa ba ta karanta abin da sabuwa ta ajiye. Da na tsaya minti ɗaya a shago na zaɓi ajiyewa a tsohon tsari, ko na fitar da EPS na haɗa, da an wuce wurin. Gaggawa ta hana ni. Na yini ina zaga gari ina neman mai irin tawa, na kwana wurin ɗan'uwa, kuɗin motar da na ƙara ya cinye ribar aikin. Tun daga ranar ban sake fita da fayil guda ɗaya ba.

Launi ma yana da nasa. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Inji da tawada huɗu yake haɗawa. Shuɗin da ke walƙiya a allo yakan sauko takarda da ɗan ja-ja a cikinsa, koren ya dusashe. Wanda ya zaɓi launin rigar ƙungiyarsa a allo sai ya ga abin da ya fito ya ce an cuce shi. Na koyi nuna wa mutane takardar gwaji kafin su biya.

Ranar 15 ga Disamba 2012 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Jihar Bayelsa da Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan garinmu Fadan Kagoma, wanda ya hau mulkin Kaduna a 2010 bayan Namadi Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Cikin makon da ya biyo baya aka kawo shi gida Fadan Kagoma aka binne. Garin bai taɓa ɗaukar jama'a irin ta ranar ba. A kwanakin nan duk mai kwamfuta da inji bai runtsa ba, ƙungiyoyi suna son kyallen ta'aziyya, kowa da hoton da ya samo. A nan iyakar sana'armu ta bayyana mini sarai. Tambarin ƙungiya ina iya sake zana shi a awa guda ya kai kowane girma. Fuskar mutum ba ta zama layi. Corel ya zo da abin bin sawun hoto a cikinsa tun fitowar X3 a 2006, yana ƙoƙarin mayar da ɗigo layi, kuma yana taɓukawa a kan tambari mai launi biyu, amma in ka ba shi fuska sai ya fasa ta faci-faci kamar taswira. Wanda ya kawo babban hoto ya samu aiki mai kyau. Wanda ya kawo ɗan ƙarami da ya sauke daga intanet, ba abin da zan iya yi masa sai rage girman, in cika gefe da rubutu. Haka yake a kowace jana'iza har yau. Iyali sukan zo da hoton fasfo guda na tsohonsu, suna son ya cika bango, sai ka rasa bakin da za ka gaya musu cewa abin da kyamara ba ta ɗauka ba ba ya nan.

Daga nan waya ta karɓe aikin. Yau yarinyar da ke aji biyar a sakandare tana haɗa katin biki a Canva ko PixelLab tana zaune a kan tabarma, kuma wasunsu idonsu ya fi nawa sanin launi. Ba na cikin masu kushe wannan. A da sai mai kuɗin mota zuwa Kafanchan ke samun kati, yau kowace ƙungiyar matasa a ƙauye tana da sanarwarta. Injin fuleks ya matso kusa, ba sai an je Jos ba. Abin da ke damuna shi ne yawancin abin da ke fita daga wayoyin nan ɗigo ne tun daga haihuwa. Ana tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi don ya yi saurin tafiya, alhali da an tura shi a matsayin takarda da ya isa yadda yake. Kaɗan ne suka san wannan bambanci, kuma taɓawa ɗaya ce ta raba su. Asalin aikin kuma yana cikin wayar yaron da ya yi shi. Wayar ta faɗa ruwa ko an sace ta a kasuwa, ko yaron ya tafi bautar ƙasa ya canza lamba, shi ke nan.

Amma ba zan ɗora wa yara laifin da mu muka fara ba. A zamaninmu ɓoye asali muke yi da gangan. Ogana ya koya mini cewa in ka ba mai aiki fayil mai rai, gobe zai kai wa wani shago, ka yi wa wani noma. Saboda haka mukan ba shi abin da aka buga, in ya matsa mu ba shi JPEG. Na bi wannan shekaru, ina ganin wayo ne na sana'a. Yanzu ina ganin rashin gaskiya ne. Matan nan sun tara kuɗi daga cinikin kunu da ƙosai suka biya a zana musu tambari, tambarin nasu ne, da irinsa duka. Mai fentin tasha ma yana riƙe takardunsa a adaka, gaskiya ne, amma takarda tana jure shekara talatin, kuma kowa na iya karanta ta da ido. Namu kuwa a faifan cikin kwamfuta yake, wanda zafi da ƙura da hawa da saukar wuta ke kashewa cikin 'yan shekaru. Na shagonmu haka ya mutu, da tamburan makarantu da ekklesiyoyi da ƙungiyoyin gari da ban san adadinsu ba. Wasu abokan sana'a nasu ya tafi dare ɗaya, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone a rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011. An yi asarar rayuka a kwanakin nan, don haka ba wanda ya tsaya kukan fayil, kuma daidai ne. Sai daga baya, in makaranta ta zo neman bajenta, ake tuna cewa ya tafi.

A 2023 cutar citta ta shiga gonakin kudancin Kaduna ta ruɓar da amfani a cikin ƙasa. Asarar wannan shekarar ta yi zafi, amma abin da ya karya manoma shi ne shekarar da ta biyo, domin iri ya tafi tare da amfanin, wanda ya rage kuma ya yi tsadar da ƙaramin manomi ba zai iya ba. Duk wanda ya ga haka da idonsa ya san abin da nake nufi in na ce ƙungiyoyinmu suna zaune ba iri.

Akwai mafita, kuma ba ta da tsada. Tun 2001 hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, W3C, ta amince da SVG, tsarin zanen layi da ba mallakar wani kamfani ba. In ka buɗe shi da manhajar rubutu za ka ga umarnin a fili, lambobi da haruffa, kamar takardar mai fenti. Kowace manhajar shiga intanet ta yau tana nuna shi, Inkscape kuma, wadda aka fara a 2003, kyauta ce, tana gyara shi. PDF ma ya zama ƙa'idar duniya a 2008. Kayan aro ba ya rufe katara: fayil ɗin da sai manhajar kamfani ɗaya ke buɗewa, kwanansa a hannun kamfanin yake.

Na ce wa Mama ta ba ni kwana biyu, ta kuma nemo mini duk wani tsohon abu mai tambarin. Washegari jikarta ta kawo littafin tsarin taro na shekarun baya, an ciro shi daga ƙasan akwati, yana warin kafur. Na ɗauke shi da na'urar kwafi, na shimfiɗa a allo, na fara dasa ƙulli a kan layukan da hannuna ya ja ina saurayi. A littafin na ga abubuwan da waya ta cinye. Hasken fitilar tsinke bakwai ne. Kalmar ƙauna da ke cikin taken ƙungiyar tana da ƙugiyarta, wadda na lanƙwasa da kaina, a waya kuwa ta koma kauna. Wutsiyar kurciyar na bar ta a karkace yadda marigayiya ta so.

Ranar da suka zo karɓa, ita da sakatariyarsu, na zuba musu fayil huɗu a fulash: SVG, PDF, babban PNG mai fili a baya don masu aiki da waya, da CDR a tsohon tsari don maɗaba'a. Na sa sakatariya ta tura su akwatin imel ɗinta da na wata 'yar kwamiti a gabana. Na kuma buga tambarin baƙi da fari a takarda, na ja masa layuka gida-gida, na ce a manna a bangon littafin rubuta taro.

Mama ta jujjuya fulash ɗin a tafin hannunta.

"To, ɗana, a cikin huɗun nan wanne ne na shuka?"

Na nuna mata sunan na farkon a allo. Ta sa sakatariya ta rubuta shi da biro a ƙarƙashin takardar, harafi bayan harafi, sannan ta ƙulle fulash ɗin a haɓar zanenta, ta ce yaron Kafanchan yana jiransu kafin ƙarfe huɗu.